Tambayar da Ban Shirya Mata Ba

Da daddare ina zaune a ƙofar gidanmu a Tamale, ina tuna ganawar neman aikin da na yi a wani bankin zuba jari a Akra. An tambaye ni: idan kuɗin ruwa ya hau, yaya farashin takardun lamunin gwamnati zai kasance? Gabana ya faɗi. Na roƙi minti ɗaya.

Sai na tuno Inna a kasuwar Aboabo a Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, tana lissafin yadda tsohon bashi ke rage daraja. Na ce farashin zai sauka, domin sabbin takardu sun fi riba. Inna ce ta koya mini natsuwar da na amsa da ita.