Hunturun Jos da Masu Kiwon Kifi a Dutse Uku

Duk baƙon da ya kwana a unguwar Dutse Uku ta birnin Jos cikin watan Disamba ko Janairu, ba ya bukatar a ba shi labarin sanyi. Birnin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, kuma akan sami daren da ma'aunin zafi zai sauka ƙasa da digiri 10. Da asuba sai ka ga mutane sun ƙudundune cikin rigunan sanyi, sun kewaye teburin mai shayi, ga iska tana kaɗowa ta tsakanin duwatsu.

Ɗan Adam dai yana da bargo. Wanda ke cikin wahala shi ne kifin da magidanta ke kiwo a kududdufin siminti a bayan gida.

A ƙasashen Turai ruwan kududdufi yakan daskare, sai masu lambu su bar kafa a jikin ƙanƙarar domin gurɓatacciyar iska ta fita, kada kifi ya shaƙe. A Jos abin bai kai haka ba, amma tarwaɗa kifin ƙasar zafi ce, watau ta fi son ruwa mai digiri 25 zuwa 30. Da zarar ruwa ya yi sanyi sai ta daina cin abinci, girmanta ya tsaya, ƙanana su yi ta mutuwa. Abincin da ta bari kuma ya ruɓe, ya ɓata ruwan. Ta haka jarin mutum kan narke cikin mako kaɗan.

Maganin abin ba boyayye ba ne. A rufe kududdufin da leda tun kafin magariba domin ta riƙe ɗumin rana, a bar 'yar kafar shan iska. A ƙara zurfin ruwa, gama ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. A rage abinci, a riƙa bayarwa da hantsi ya dubi ludayi. Canjin ruwa kuwa sai da tsakar rana.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce a Filato. A cikin shekarun 1950, gonar kifi ta Panyam ta kawo kifin kaf daga Turai, wanda ke jure sanyi. Mai tarwaɗa a Dutse Uku kuwa sai ya yi ta lallaɓa ta har zafin watan Maris ya shigo.