Kwamfutar da Muka Sa wa Lagireto



Duk wanda ya taɓa aikin kwamfuta a Zariya tsakanin Maris da Afrilu ya san bazara ba mutum kaɗai take galabaitarwa ba. Da hantsi ya dubi ludayi, ɗaki mai rufin kwano ya zama tanderu, sai fankar laftof ta kama kuka kamar za ta tashi sama, aiki ya soma jan ƙafa, can kuma allo ya yi baƙi ƙirin babu ko sallama.

Mu huɗu ne a nan Tukur-Tukur muke ɗan taɓa aikin littattafai. Mukan buga wa marubuta rubutunsu, mu tsara shafi da bango, mu kuma karanta labari da murya mu haɗa shi da hotuna don masu sauraro a YouTube. Na ƙarshen nan shi ne mai cin ƙarfin na'ura. Wata baiwar Allah ta ba mu littafinta mu fitar mata da shi kashi talatin, kowane kashi kusan awa guda, kuma ta riga ta yi wa masu bibiyarta alkawarin rana. Laftof ɗinmu kuwa ba ta kai rabin kashi ɗaya take mutuwa. Da kuɗin aikin da sunanmu duk suna rataye a wuyan wata 'yar fanka da ba ta kai murfin kwalbar zuma ba.

Abin da ke faruwa a ciki ba boyayye ba ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, duk wutar da ta sha zafi take mayar da ita. Ta kwamfutar tebur tana iya shan wat 65 zuwa 125, katin hoto ya sha fiye da haka. In ka haɗa, kamar ka kunna tsofaffin ƙwan lantarki huɗu ko biyar masu wat 60 ne, sai dai duk zafin yana fitowa daga wuraren da ba su wuce faɗin akwatin ashana ba. Idan ta doshi digiri 100, furosesa takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta kashe kanta.

To me ya hana mu sayi babbar kwamfutar tebur mu huta? Wuta. Ɗakin aikinmu yakan wuni babu ita. Wurin da muka dogara da shi shagon wani abokinmu ne mai sola a Tudun Wada, wani lokaci kuma gidan ɗayanmu a cikin birni idan layinsu ya samu. Ke nan muna buƙatar na'ura mai ƙarfin ta tebur, wadda kuma za a iya ɗauka a hau Keke Napep da ita. Wannan buri ya girme mu. A 1981 aka fitar da Osborne 1 a Amurka, kwamfuta mai mariƙi kamar akwatin keken ɗinki, nauyinta ya kusa kilo 11, allonta inci 5 kacal, kuma a haka mutane suka yi ta rububinta.

Matsalar ƙaramin akwati ita ce babu wurin sa ƙaton ƙarfen sanyayawa a kan furosesa, iska kuma ba ta samun hanyar zagayawa. A nan ruwa ya shigo maganar. Kofi guda na ruwa yana ɗaukar zafin da sai kofi fiye da 3,000 na iska za su ɗauka. Sai dai akwai abin da ya kamata a gane tun farko, domin a kansa duk sauran aikin ya ginu: ruwan ba ya kashe zafi, dako kawai yake yi. Yana bi ta cikin wani tubalin jan ƙarfe da aka ɗaure a kan furosesa, ya kwashi zafi, famfo ya tura shi ta tiyo zuwa lagireto, fanka ta hura zafin waje, ruwan ya komo. Daidai da yadda injin mota yake. Saboda haka in ɗaki yana digiri 38, ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da 38 ba, ko da lagireton tirela ka sa.

Ɗayanmu ya ce to mu bi da tiyon ta cikin randa mana, ai ruwan randa ya fi ɗaki sanyi. Gaskiyarsa. Randa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar, zafi ya tafi tare da shi. Da wannan hikimar marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Muka yi ta yaba shawarar, har sai da wani ya tambaya wa zai riƙa goya randar zuwa Tudun Wada.

Allon da komai ke hawa kansa, wato madabod, mun nemi ƙarami ne, irin Mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, tsarin da kamfanin VIA ya fito da shi a 2001. Shi da tubalin jan ƙarfen da ɗan famfo mai bolt 12 duk saye muka yi, na hannu, ta wajen wani ɗan kasuwa a Kano. Tubalin nan ba abin da za a ƙera a gida ba ne, don cikinsa tsage-tsage ne sirara kamar gashi.

Lagireto kuwa a nan muka samo shi, kuma shi ne sashen aikin da ya fi mana daɗi. Motocin da ake kawowa daga Turai suna zuwa da wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye bayan dashbod, na hita, wanda ke ɗumama mota a ƙasashen ƙanƙara. A nan ba kowa ya damu da shi ba. Da irinsa masu sha'awar wannan aiki a Turai da Amurka suka fara, tun kafin kamfanoni su soma ƙera na kwamfuta, suna haɗa shi da famfon tankin kifi. Muka je wurin wani dattijo mai gyaran lagireto a Sabon Gari. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Samari, abin da zai zauna a kan injin naku, jan ƙarfe ne ko alminiyom?"

Muka ce, "Jan ƙarfe ne, Baba."

Ya ture guda biyu da ya riga ya ɗauko, ya shiga ciki ya fito da wani tsoho mai tsatsa. Ya kankare gefensa da wuƙa, ja ya bayyana. Ya ce, "Wannan za ku ɗauka. In kuka haɗa waɗancan da jan ƙarfe a ruwa ɗaya, ɗaya zai cinye ɗaya." Abin da littattafan kimiyya ke faɗa ke nan da dogon Turanci: ƙarfe biyu mabambanta a ruwa guda sukan zama kamar batir, alminiyom ɗin ya yi ta zaizayewa har ya huje. Baba bai taɓa buɗe kwamfuta ba. Ya wanke shi, ya like bakunansa da dalma daidai kaurin tiyonmu, ya toshe baki ɗaya ya hura iska ta ɗayan a cikin bahon ruwa, muna kallo, ko kumfa ɗaya bai fito ba.

(Ga masu cewa Hausa ba ta da kalmomin fasaha: a zaman awa biyu a bakin rumfar nan mun ji lagireto, tiyo, wasa, noti, kilif, dalma, gasket, kowace da aikinta, babu wanda ya tsaya neman ƙamus. Marubucin da ke son rubuta labarin kimiyya ya je ya zauna a gareji da littafinsa.)

Gidan kwamfutar kuma akwatin ƙarfe ne irin na 'yan makarantar kwana, wanda duk wanda ya yi Barewa ko wata makarantar kwana ya san ƙarar murfinsa. Mun sa maƙeri ya yi mana ƙarami, ya yanka taga a gefe ɗaya don lagireto, wata a ɗaya gefen don shigar iska, ya ƙara mariƙi mai kauri a sama. Ƙarfe na ɗaukar wuta, don haka madabod ba ya taɓa jikin akwatin, a kan 'yan ƙafafu yake zaune, kuma akwatin kansa mun haɗa shi da wayar ƙasa don kada ya ja mutum. Tagogin muka rufe da ragar sauro ninki biyu. Wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan tabarma cikin dare ɗaya ba ya buƙatar a gaya masa dalili. Lagireton da ƙura ta toshe da babu duk ɗaya.

Ruwan rijiya ko na famfo ba ya shiga ciki. Gishirin da ke cikinsa zai daskare a tsage-tsagen nan, ga gansakuka. Tataccen ruwa muka sa, irin wanda ake ƙara wa batirin inbata, ba asid ba, da ɗan ruwan lagireton mota mai launi don hana tsatsa.

Inda aikin ya fi wuya shi ne haɗa ruwa da tafiya. Kwamfutar da ke zaune wuri guda, in ta wuce gwaji ta wuce. Tamu kuwa kullum tana cin gargadar hanya, kuma kowace girgiza tana jan mahaɗar tiyo. Ko manya ba su tsira ba: Apple ta fitar da Power Mac G5 mai sanyaya ruwa a 2004, wasu daga cikinsu suka riƙa yoyo bayan 'yan shekaru, alhali a kan tebur suke. Shi ya sa muka rage mahaɗai iya yadda za mu iya, kowace muka ɗaure ta da kilif biyu. Sannan iska. Duk yadda ka cika ruwa, ɗan kumfa yakan rage, in akwati ya kife ya gangara cikin famfo, famfo ya yi ta juyawa a banza, furosesa ta ɗau zafi cikin daƙiƙu. Muka ɗora 'yar kwalbar ajiyar ruwa sama da famfon don kumfa ya taru can, muka rubuta SAMA da jan fenti a murfi. Kafin mu kunna komai sai da muka bar famfo kaɗai yana aiki kwana ɗaya cur da batir, da farar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa.

Har yau ba mu daidaita a tsakaninmu kan ko wahalar ta biya ba. Biyu daga cikinmu na ganin da babban akwati muka yi, da fanka mai kyau ta wadatar, kuma da kuɗin bai kai haka ba. Ba su yi ƙarya ba. Wanda kwamfutarsa ba ta fita ɗaki, ba mu ba shi shawarar ya kusanto da ruwa. Sauran biyun kuma su ne masu ɗaukar akwatin, kuma sun ce babba ba zai shiga tsakanin ƙafafunsu a Keke ba.

Littafin baiwar Allahn nan dai ya fita, kashi talatin, ana saura kwana biyu alkawarinta ya cika, mafi yawansa an haɗa shi da tsakar rana a shagon Tudun Wada. Furosesa ba ta wuce digiri saba'in da 'yan kai ba. Rubuce-rubucen mutane kuwa ba ma barinsu su kwana a akwatin da ke da ruwa a ciki: kowace yamma ana kwafe su a wani faifai dabam, wanda ke tafiya a aljihun wanda bai ɗauki akwatin ba. Duk inda muka sauka kuma, kafin a sa fulogi, sai an buɗe murfi an shafa busasshen yatsa a ƙarƙashin mahaɗai takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.