Man juye: kauri ba shi ne kyau ba



Mu nan mun tashi da magana guda a kan man juye. A ɗiga shi tsakanin yatsa biyu, in ya yi kauri, ya ja zare, to shi ne mai kyau. Haka munka gada tun zamanin Peugeot 504 da tsohuwar Hiyas, kuma a kan waɗannan motoci maganar gaskiya ce. Injinsu na da faɗi a ciki, 20W-50 ke cika shi.

Bara gidanmu munka haɗa kuɗi munka sayi Corolla ƙirar 2012, irin wadda anka kawo daga Amurka, don kai mara lafiya Dogondutsi ko Doso. Ranar juye na farko, bakanikenmu ya ce: "Alhaji, zahin ƙasarmu sai mai kauri." Munka yarda. Ba a jima ba, kowace safiya in an tada ta sai ta yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, ga shan esans ya ƙaru, wuta ta kama a gaban direba. Wani ƙanenmu ne ya goge marfin wurin zuba mai, sai ga rubutu: 0W-20.

Ga abin da lambobin ke nufi. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudu in inji ya yi sanyi. Ta biyu kaurinsa ne a zahin digiri 100. To zahin cikin inji ke nan in ya ɗau aiki, ko a Geceme cikin watan Afrilu, ko a ƙasar ƙanƙara, don ruwan lagireto ne ke riƙe shi a wannan awo.

Injin zamani kuwa hanyoyin mainsa ƙanana ne. Na'urar da Toyota ke kira VVT-i da matsin mai take aiki, ta cikin wata ƴar raga siririya. Mai kauri yana jinkirin isa can da safe, ƙarfe ya ci ƙarfe kafin ya iso.

Amma kada mu ɗora wa bakanike laifi duka. Gaskiya ne masu ƙera motoci sun koma ga mai ruwa-ruwa har da dalilin dokokin rage shan mai na Amurka, Turai da Japan. Littafin motar da kansa ya ce in babu 0W-20 ana iya sa 5W-20, a koma a juye na gaba, kuma mai ɗan kauri na iya dacewa in ana gudu ƙwarai ko kaya sun yi nauyi. Sai dai taki guda daban, tsalle zuwa 50 daban.

Kuma 0W-20 na da tsada, ba kowane shago ke da shi ba. Mu dai munka yi lissafi: galan guda bai kai kuɗin sauke inji ba.

Yanzu in za mu yi juye, sai mun karanta marfi. Muna sayen galan a rufe, ba na kwalba da ake aunawa a bakin tasha ba. Da yake hanyoyinmu rairayi ne da ƙura, muna gajarta lokacin juye, mu canza filta ta mai, mu duba ta iska.

Mai tsohuwar mota ya riƙe mainsa mai kauri. Mai sabuwa, don Allah fita ka duba marfinka yau.

Allah shi kiyaye hanya.