A Ƙarƙashin Fiffiken MiG

Jiragen a wargaje suka zo mana. A watan Agustan 1967, yaƙin basasar Nijeriya da Biyafara bai cika wata biyu ba, aka rufe filin jirgin saman Kano ga fasinja, manyan jiragen kaya na Tarayyar Sobiyet, Antonov, suka riƙa sauka suna sauke MiG-17, gangar jiki daban, fuka-fukai daban. Rashawa ne suka haɗa su. Mu namu miƙa sifana da goge giris da zare ido, don har lokacin babu wanda ya taɓa sa hannu a jirgin yaƙi a cikinmu. Rundunar sojan sama kanta shekararta uku kacal, a 1964 aka kafa ta. Jamusawa suka fara koya mana aiki a Kaduna da ƙananan jirage masu farfela, Piaggio da Dornier, kuma rikicin 1966 ya sa suka tattara nasu ya nasu. Manyanmu 'yan Gabas, waɗanda yawancin ƙwararrun makanikai daga cikinsu suke, su ma sun koma gida. Ingila ta ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, Amurka ta ce babu ruwanta, shi ya sa aka nufi Mosko. Aka kuma samo L-29 Delfin daga Cekoslobakiya.

Ni a sashen makamai aka sa ni. Daga Kano aka tura mu Makurɗi, bayan da sojan ƙasa suka kama Inugu a Oktoban 1967 kuma, da aka gyara filinta, muka koma can. A nan na ci sauran yaƙin.

Wanda ya ga jirgin yaƙi ya keta sararin garinsu yana zaton aikin ke nan. Ai wannan ketawar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin yini. MiG-17 maye ne wajen shan mai. Ko an rataya masa ƙarin tanki biyu masu lita 400 a ƙarƙashin fuka-fukai, da wuya ya wuce awa guda a sama in yana shawagi ƙasa-ƙasa. Sauran sa'o'in duk namu ne, mu na ƙasa.

Kafin assalatu samanja ya tashe mu. Mu yi alwala da ruwan duro, mu yi sallah a gefen rumfar jirage, sannan a jera mu kafaɗa da kafaɗa a kan titin jirgi mu taka shi daga wannan baki zuwa wancan, kai a sunkuye, muna tsintar tsakuwa da ƙusa da guntun waya. Sabon zuwa yakan ɗauka horo ne na mugunta. Sai ya ga yadda bakin MiG yake, rami buɗe a hancinsa yana zuƙar duk abin da ke gabansa, sannan ya gane noti ɗaya ya isa ya kashe inji, ya kashe matuƙi. Bayan tsinta sai a cire murafen da aka toshe baki da wutsiya da su, a haska tocila ciki. Tsuntsaye na son wurin, ƙadangaru ma haka. Masu mai su tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba su ɗaga ta sama, domin a Inugu da damina raɓa na taruwa a tanki, ruwa kuwa ƙasa yake kwanciya. Masu iska su cika tulunan iskar da birki ke aiki da ita. Wannan jirgi ba shi da sitiyarin ƙasa. Da birkin dama da na hagu matuƙi ke juya shi, don haka in iska ta ƙare masa a kan titi, sai dai ciyawa ta tare shi.

Sai mu. Igwa uku gare shi, duk a ƙarƙashin hanci: babba ɗaya mai milimita 37 a dama, tana cin harsashi 40, da ƙanana biyu masu milimita 23 a hagu, kowace 80. Abin da ya burge ni a aikin Rashawa shi ne, duka ukun da akwatunan harsashinsu a kan faranti guda suke. Ka kwance maƙullai, ka sa hannun juyi, sai farantin ya sauko a kan wayoyi huɗu kamar guga a rijiya, har ya tsaya daidai gwiwarka. Ka zare akwatunan da suka ƙare, ka zura cikakku, ka juya ya koma. Mutum uku da suka san hannun juna sukan gama kafin masu mai su naɗe tiyonsu, kuma kullum gasa muke da su. Harsashin babbar igwar ya fi taƙi tsawo, nauyinsa ya haura kilo. Da daddare muke jera su a ɗamara, ɗaya bayan ɗaya, muna shafawa da tsumma, muna duba kowane ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Guda ɗaya ya ɗan leƙo gaba, igwa ta cije a sama, matuƙi ya dawo yana huci, kuma kai za a nema. Sajenmu, wani Batibi gajere mai jin Hausa kamar jakin Kano, da babban yatsa yake bin ɗamara ido a rufe. In ya tsaya ya ce, "Kofur, zo ka taɓa nan," to ka san ranar ba ka da hutun rana.

Matuƙa suna fitowa bayan gari ya waye, daga ɗakin da ake ba su umarni, taswira a soke a aljihun cinya. Da farko yawancinsu Misirawa ne. Wata biyu kafin zuwan jiragen, a Yunin 1967, Isra'ila ta ragargaza musu jirage a ƙasa, kuma ana ganin wannan a fuskokinsu. Mutanen kirki ne a zama, muna sahu ɗaya da su, azumin 1968 da ya faɗo cikin sanyin Nuwamba da Disamba tare muka sha ruwa sau da yawa, su da shayinsu mai baƙi ƙirin, mu da kunun da wata mata 'yar Lafiya ke dama mana. Amma yaƙin ba nasu ba ne, kuma ban ga laifin mutumin da ya ƙi mutuwa a dajin da bai san sunansa ba. Daga baya Turawan haya suka zo, 'yan Ingila da 'yan Afirka ta Kudu, waɗanda kuɗi ya kawo su ba su kuma ɓoye ba. A tsakanin waɗannan da waɗancan namu samarin suke tasowa.

Horonsu a tsakiyar yaƙin aka yi shi. Wasu sun koyi tuƙi a Jamus, wasu Kanada, wasu Habasha ko Indiya, kowa da irin tarbiyyar da ya samo. Sai ga jirgi wanda duk rubutun cikinsa da baƙaƙen Rashanci ne, agogon tsawo yana ƙirga mita, na gudu yana ƙirga kilomita, alhali su da ƙafa da mil suka saba. Na ga hafsan da ya yanka filasta ƙanana ya manna a ƙarƙashin kowane maɓalli ya rubuta sunansa da biro. Sukan fara da L-29, mai sauƙin kai, su wuce MiG-15 mai kujera biyu, malami a baya, sannan a sake su su kaɗai a MiG-17. Ranar da babu fita aiki, tashi da sauka suke ta yi: ya taso, ya kewaya fili, ya taɓa ƙasa, ya sake tashi, har mu haddace hannun kowa. Daga ƙarar taya muke cewa wane ne. Masu taya kuwa suna tsaye suna Allah-ya-isa a zuci, don kowace sauka mai ƙarfi kwanan taya take ragewa, sabuwa kuma sai an jira ta daga Kano. Mu ma muna da namu atisayen. Akan ɗaga jirgi a kan jak, a kafa allo can nesa, a daidaita bakin igwa da madubin saiti har su yarda da juna. Aikin yini guda ne, a rana.

In za a fita, biyu-biyu suke tashi. Kai ne na ƙarshe da zai hau tsani: ka taya matuƙi ɗaure ɗamara, ka zare ƙusoshin tsaro na kujerar da ke cilla shi waje in jirgi ya kama da wuta, ka nuna masa su ya gani da idonsa, ka sauko. A jona keken batir, inji ya fara kuka siriri har ya zama ruri. Ya ɗaga yatsa, a janye katakan taya. A ƙarshen titi in ya buɗe wutar baya, har cikin haƙarƙarinka kake ji.

Daga nan sai jira. Mukan zauna a inuwar fiffiken wanda bai tashi ba, a yi dara da tsakuwa, a raba goro, wani ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa ko za a kamo Kaduna. Babu mai maganar waɗanda ke sama. Amma da an kusa cika minti arba'in, hira takan mutu da kanta, kowa ya juya kudu. Ɗigo biyu muke nema. In ɗaya ne, babu mai kallon ɗan'uwansa sai an ji daga hasumiya cewa ɗayan ya sauka Fatakwal ko Binin. Yawancin jiragen da aka rasa ba harbo su aka yi ba. Hazo ne, da hadarin yamma da ke haɗuwa cikin ƙiftawa, da ƙarewar mai. Shugaban rundunar kansa, Kanar Shittu Alao, a haka ya rasu a Oktoban 1969, cikin L-29, yana neman wurin sauka a Uzebba.

Da jirgi ya tsaya, masu inji kan tambayi matuƙi lafiyar inji. Ni hancin nake kallo. In bakin igwa ya yi baƙi da hayaƙi, na san an yi harbi; in na sauke faranti na ga akwati wayam, na san an yi da yawa. Iyakar abin da nake gani na yaƙi ke nan. A littafi ana rubuta adadin da aka ɗora da adadin da ya dawo, babu gurbin rubuta inda sauran suka faɗa. Matuƙi ya ce motocin sojoji ne a hanyar Okigwe, ko gada, ko jirgin ƙasa, mu ce Allah ya ƙara nasara, ranka ya daɗe. Da dare kuma BBC ta ce bam ya faɗa kasuwa, ko asibiti. Wannan ya faru a yaƙin nan, ba sau ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce ƙaryar Ojukwu, jagoran Biyafara, ce kawai bai yi wa matattu adalci ba. Daga sama, cikin gudun kilomita 800 a awa, rumfar kasuwa da rumfar soja duk kwano ne. Muna jin labarin, mu kashe rediyo, mu koma jera ɗamarar gobe.

Uli ce ta fi ci wa manyanmu tuwo a ƙwarya. Ba filin jirgi ba ne, wani yanki ne na titin mota tsakanin Anaca da Owerri aka faɗaɗa, kuma ta nan abinci da makamai ke shiga Biyafara da dare, daga Sao Tome da Fernando Po da Libreville. Daga Inugu 'yan mintoci ne a MiG. Amma jirginmu ba shi da na'urar gani a duhu, su kuma ba sa kunna fitilun titi sai jirgi ya zo dab da ƙasa. Da rana a je a fasa titin, kafin magariba sun cike ramukan. Sai aka koma sintirin goshin magariba, ko za a tare masu sammakon shigowa. A irin wannan ne, ran 5 ga Yunin 1969, MiG ya harbo jirgin agaji na Red Cross kusa da Eket, mutum huɗu da ke ciki suka mutu. A ɗakin cin abincinmu wasu sun yi murna, wasu sun yi shiru.

Kafin wannan da 'yan kwanaki mu ma an zo mana har gida. Wani Baturen Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar, MFI-9, irin na koyon tuƙi, ya rataya musu rokoki. Ran 22 ga Mayu suka bugi Fatakwal, ran 24 Binin, ran 26 mu. An gargaɗe mu, amma sama muke kallo, su kuwa a kan bishiyoyi suka zo, ƙararsu ba ta fi ta babur ba. Ina durƙushe ina wanke bututun igwa da kananzir na ji fashewar farko. Na faɗa kwata, wani mai gadi ya faɗo a kaina, bindigarsa ta fasa mini leɓe. Kafin masu harbo jirgi su juya bakin bindigoginsu, an gama, sai hayaƙi da ihun samanja. Washegari aka raba jiragen nesa da juna, muka yi ta cika buhunan yashi har tafin hannu ya sale, aka kuma ƙara wani sabon aiki: matuƙi ɗaya a ɗaure cikin jirgi tun safe, yana jiran ƙararrawa, mu muna riƙe masa laima. Aka yi ta sintiri ana neman inda suke ɓuya a daji. Jirgi mai gudun MiG bai iya farautar abin da ke tafiya kamar mota, ya wuce shi kafin ya gan shi.

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970. Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya, mu kuma aka ce mu sauke harsasai mu mayar sito, a ƙirge.

Bayan wasu shekaru, a Sabon Garin Kano, na kai babur gyara sai na tarar da ɗaya daga cikin manyanmu 'yan Gabas na Kaduna, wanda ya fara nuna mini yadda ake riƙe sifana. Gareji ya buɗe. Ya rame, amma Hausarsa na nan. Ya ce a Biyafara ma aikin jirgi ya yi, har da waɗannan ƙananan na von Rosen; da fentin mota suka shafe su, a ƙarƙashin bishiyoyi suke tura su da hannu su rufe da ganye. Na ce, "Oga, ashe kai ka fasa mini leɓe." Ya yi dariya har da tari, ya aika yaro ya sayo mana lemo. Sannan ya ce shekara biyu yana jin igwar nan daga ƙasa bai taɓa ganin yadda aka ɗora ta ba, in zana masa. Na ɗauki ƙusa na zana farantin da wayoyinsa a ƙasan garejin, ya tsuguna yana tambaya ta ina ake sa giris.