Fadamar Haɗeja da Na Sani

Mu da muka tashi a ƙasar Guri ba mu san dutse ba. Ƙasarmu a shimfiɗe take, jigawa nan, kwarin laka can. Kogin Haɗeja da ƙarfinsa yake fitowa daga ƙasar Kano, amma da ya wuce garin Haɗeja sai gangara ta ƙare masa. Nan yake rarrabuwa tsakanin tsofaffin tuddan yashin da iska ta tara tun zamanin da, wani reshe ya bi Marma zuwa Nguru, wani ya bi Burum Gana. Sai can wajen Gashuwa yake gamuwa da na Jama'are mai gangarowa daga tsaunukan Jos, su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi.

Ruwan nan shi ne kalandarmu. Mahaifinmu yakan shuka shinkafa da ruwan sama, sannan ya kafa kara a bakin gona, kullum da safe ya je ya duba inda ruwan kogi ya kai. Wajen Agusta fadama take cika, a hankali, ba hayaniya, har hanyar kasuwa ta koma ta kwale-kwale. Idan ya fara janyewa da kaka, sai a bi sawunsa da wake a danshin da ya bari. Masunta su hau gora su shiga tabkuna da koma, mu yara muna tono tarwaɗa a taɓo. Da rani laka ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige, Fulani su sauko da shanu. Fili ɗaya, amma manomi da masunci da makiyayi kowa da lokacinsa.

Sai aka tare ruwan daga sama: an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ban ƙi ba, Kano na bukatar ruwan sha da noman rani. Sai dai ambaliyar shekara ta ragu, kuma aka koma sako ruwa har da rani, wasu wuraren suka daina bushewa. Abin da ciyawar kacalla take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi.

Masu riƙe da ƙofofin madatsun nan, ku dubi mutanen da ke ƙasa da ku. Ku sako ruwa da damina, ku bar fadama ta bushe da rani.