Yaron Simsim da allon zayyana

Simsim wani yanki ne na manoma a jihar Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan. Sunan na Larabci ne, ma'anarsa riɗi. Akwai Hausawa da yawa a jihar. Kakanninsu sun taso ne daga ƙasar Hausa za su aikin hajji da ƙafa, suka yada zango, suka yi gonaki, suka zauna.

A wata makarantar allo ta can akwai wani yaro ɗan shekara goma. Karatunsa ba laifi, amma hankalinsa yana kan wani allo da ke rataye a zauren malam. Allon zayyana ne, irin wanda ake yi wa mai sauka. Mutanen Sudan suna kiran wannan ado sharafa. Wani babban almajiri ne ya zana shi da ja da rawaya da kore, da baƙar tawada wadda aka dama da ƙaro.

Yaron ya so ya yi irinsa. Ya gwada a kan rairayi, ya gwada a bayan allonsa. Kullum layukan sai su karkace. Ran nan dabara ta zo masa. Ya yago siririyar takarda daga kayen wansa, ya ɗora a kan allon zayyana, ya bi layukan da fensir. Zane ya fito sak! Ya sheƙa da gudu ya kai wa babban almajirin.

«Yaya, dubi abin da na yi!»

Almajirin ya duba, ya yi shiru. Sai ya juya allon zayyana ya fuskanci bango, ya miƙa wa yaron alƙalami.

«To, ƙanena, sake yi mini shi.»

Yaron ya riƙe alƙalami, ya rasa ta inda zai fara. Kunya ta kama shi, hawaye suka cika masa ido.

«Kada ka yi kuka, in ji almajirin. Hannunka ne ya bi layi, idonka bai ga komai ba. Ajiye allon a gabanka, ka duba. Gida nawa ne a tsaye? Nawa ne a kwance? Daga ina alƙalami ya tashi, ina ya tsaya?»

Yaron ya ƙirga. Ashe kowane gefe daidai yake da ɗan'uwansa. Ashe sai an ja layukan gidaje kafin a sa launi. Ya daɗe yana kallon allon nan, amma sai yau ya gan shi.

Yara, haka masu zane suke koyo ko'ina a duniya. A birnin Paris na Faransa akwai wani babban gidan ajiye zane-zane, sunansa Louvre. An buɗe shi a shekarar 1793. Tun daga lokacin, masu koyo suna zuwa su zauna gaban zanen wani gwani su kwaikwaye shi. Manyan masu zane kamar Cézanne da Matisse duk sun yi wannan zama. Amma akwai doka. Dole girman kwafin ya bambanta da na asalin, kuma ba a kwaikwayon sa hannun mai zanen, don kada wani ya sayar da kwafi ya ce asali ne.

A Sudan ma akwai wanda ya fara da allo har sunansa ya kai nesa. Shi ne Ibrahim El-Salahi. An haife shi a Umdurman a shekarar 1930. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne, a nan ya koyi rubutu mai kyau da adon allo. A 1954 aka tura shi Landan ta ƙasar Ingila, ya shiga makarantar zane ta Slade. Ya yi nazarin aikin gwanayen Turai, har hannunsa ya faɗa da irin zanensu.

A 1957 ya komo gida. Ya baje zane-zanensa a Hartum don jama'a su gani. Amma mutanen garin ba su damu da su ba. Abin ya yi masa ciwo. Ya tambayi kansa: mene ne mutanen nan suke ratayewa a ɗakunansu? Da ya duba, sai ya ga rubutun Larabci da adon faifai da na ƙwarya. Sai ya koma ga waɗansu gwanayen, wato marubuta da masaƙa na ƙasarsa. Ya riƙa ɗaukar harafi ɗaya, ya miƙe shi, ya lanƙwasa shi, har siffar tsuntsu ko fuska ta fito daga ciki. Abin da ya koyo a Landan bai ɓace ba, ya haɗa shi da na gida.

A 1975 an tsare shi wata shida a kurkukun Kobar bisa zargin da ba a tabbatar ba. Ko a can bai daina ba. Yakan yi zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti, ya binne su cikin rairayi. A 2013 babban gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje aikinsa na shekaru masu yawa.

Shi kuwa yaron Simsim bai san Paris ba, bai san Landan ba. Gwaninsa yana nan kusa, a zauren malam. Tun daga shukar riɗi har girbi yana kwaikwayon allo ɗaya. Ya zana, ya wanke, ya sake zanawa. Wata safiya almajirin ya sake juya allon zayyana ga bango. Yaron ya ja layukansa ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya ba sai da ya gama. Akwai wani gida a kusurwa da ya rage babu komai a ciki.

«Yaya, me zan sa a nan?»

«Wannan gidan naka ne.»

Yaron ya tsoma alƙalami cikin tawada, ya zana ƴar kwanson riɗi.