Samariya ta wuce, ina filin ƴan matanmu?



Mu da muka tashi zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974, ba mu san wani kulob ba sai Samariya. Kokowa tata ce, langa tata ce, ita ke haɗa ƙwallo tsakanin unguwanni. Da an kai hatsi rumbu sai ganga ta tashi, kowane ƙauye ya fito da gwaninsa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 kuwa, burin ɗan kokowa bai wuce shiga tawagar Damagaram ba.

Ƴan mata ma lokacin suna da nasu, wato gaɗa a dandali. Yau samari na da filin ƙwallo, su ko dandalin ya mutu.

A Kanada, a 1963, Sam Jacks ya ƙirƙiro wa ƴan mata wasan ringette: sanda da zoben roba, a kan ƙanƙara, don kar a bar su zaune. Mu ba mu da ƙanƙara, amma fili kam Allah Ya hore mana. Magadan gari da iyaye, ware musu fili ɗaya da malama mai horo ai bai fi ƙarfinmu ba.